Wane Irin Turken Rediyo Ya Dace Da Fadamar Haɗeja?

Tun daga ranar 13 ga Maris, 1957, da sashen Hausa na BBC ya fara magana da mu daga Landan, kunnen Bahaushe ya saba da jin mai gabatarwa yana cewa a kama su a kan mita 19, ko mita 25, ko mita 31 a gajeren zango. Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, Muryar Jamus ta shigo a 1963, kowa da mitocinsa. Kalmar nan "mita" ta zauna a bakinmu har ta zama kamar sunan unguwa, mutum ya ce da ɗansa ya murɗo masa mita 31 kamar yadda zai aike shi Kantin Kwari. Amma da wuya ka ji wanda ya tsaya ya tambaya, shin mita 31 ɗin na mene ne? To, awo ne na gaske, irin wanda tela ke yi da tef. Saƙon rediyo yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tozo bayan tozo, kuma tazarar da ke tsakanin wannan tozo da na gabansa ita ce mita 31 ɗin. Duk wanda ya fara fassara wannan abu da "zango" ya san Hausa, domin zango a wurin fatake shi ne nisan da ke tsakanin masauki da masauki.

Na faro da wannan ne saboda aikina nazarin harshe ne, kuma wanda ya koyar da ilimin furuci ya san cewa tsawon bututu shi ke yanke irin sautin da zai fito daga cikinsa. Kakaki dogo ne, muryarsa kauri gare ta. Sarewa gajera ce, muryarta siririya. Haka eriya take. Ba a yanka ta yadda aka ga dama, sai daidai da zangon da ake son ta yi aiki a kansa. Wannan ƙa'ida, da wasu biyu ko uku irinta, su ne nake ganin ya kamata masu ilimin ƙasar Haɗeja su sani, domin akwai wani aiki da ke jiran su wanda ya shafi rayuka da amfanin gona.

Mai karatu ya san yadda ruwan yake zuwa. Kogin Kano da aka datse a Tiga a 1974, da Kogin Challawa da aka datse a 1992, suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja, ya ratsa ƙasar Ringim da Miga da Auyo, ya wuce ta gefen birnin Haɗeja, sannan ya warwatsu a fadamun Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwan da dama, don haka idan damina ta yi albarka kuma madatsun suka cika suka tumbatsa, ruwan ya kan nemi hanyarsa ta cikin gonaki da gidaje. An ga haka a 2001, an gani a 2012 da 2018, sannan a 2020 da 2022 mutanen Haɗeja suka yi ta kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa don kada ruwa ya ci gari. Abin lura a nan shi ne wannan ruwa ba ya faɗowa kamar tsawa. Kwanaki yake yi a hanya. Wanda ke Wudil ko Ringim yana ganin sa tun kafin na Guri ya ji ɗuriyarsa. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, NiMet tana fitar da na damina, gidajen rediyon jihar Jigawa da irin su Sawaba FM da ke Haɗeja suna yayatawa. Duk wannan magana ce da ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Wadda ta fi wuya ita ce mai tasowa daga ƙauye: jinga ta ɓalle a wuri kaza, ana bukatar kwalekwale biyu, akwai mai naƙuda a kan tudu.

Za a ce ai ga wayar salula tun 2001. Gaskiya ne, kuma ba na raina ta. Sai dai ƙarfen sabis da man dizal yake rayuwa, man kuwa a mota ake kai shi, motar kuma a kan titin da ruwa ya yanke take bi. Wayar da ke aljihun manomi ma sai an yi mata caji. Ranar da aka fi bukatar sabis ita ce ranar da ya fi saurin ɗaukewa.

A wasu ƙasashe akwai mutanen da ke cike wannan giɓi, wato masu rediyon sha'awa. Sunan da Turawa ke kiran su da shi daga kalmar Latin mai nufin "so" ya samo asali, ma'ana masu yin abin don ƙauna, ba don albashi ba. Malamai ne da likitoci da injiniyoyi da ɗalibai waɗanda suka ci jarrabawa, hukuma ta ba su lasisi da lambar kira, suka kafa 'yar tasha a gida suna zantawa da takwarorinsu na nesa. Nijeriya ma tana da rabonta: lambar kiran ɗan Nijeriya da 5N take farawa, ta ɗan Nijar da 5U, kuma akwai ƙungiyarsu ta ƙasa mai suna NARS. Lokacin da igiyar ruwan tsunami ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya a Disamban 2004, wasu 'yan sha'awa da suka je can don nishaɗin sana'arsu su ne suka zama hanyar magana da babban yankin ƙasar. An sake ganin irin haka a girgizar ƙasar Nepal ta 2015. Kusa da mu kuwa, tun 1999 aka kafa ƙaramin gidan rediyo mai aiki da hasken rana a Bankilare ta yammacin Nijar, yana isar da labarin yanayi ga makiyaya da manoma cikin harsunansu. Mu a Arewa mun yi suna a duniya wajen sauraren rediyo, amma shekaru kusan 70 ke nan kunne kawai muke bayarwa.

To, a ce yau wasu malaman Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, ko na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, sun tashi kafa irin wannan tasha. Abin da zai fara zuwa zuciyar kowa shi ne doguwar hasumiya mai jan fenti da fari, wadda za a hango daga nesa a san an yi aiki. A nan nake son a dakata a yi lissafi.

Rediyon sha'awa iri biyu ne a wannan bukata tamu. Akwai mai aiki a kan zangon mita 2, wato tsakanin megahaz 144 da 146, irin oba-obar da ake riƙewa a hannu. Eriyarsa ba ta wuce kamu guda ba, amma saƙonsa a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, iyakarsa inda ƙasa ta lanƙwashe. Lissafin ba shi da wuya: a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da tsawon turken a mita, sai a ninka ta sau 4, abin da ya fito shi ne nisan a kilomita. Turke mai mita 9 zai kai kilomita 12. Mai mita 25 zai kai kilomita 20. Mai mita 100 kuwa kilomita 40 kacal. Wato kafin ka ninka nisa sau 2, sai ka ninka tsawo sau 4, kuɗin kuma ya fi haka ninkuwa nesa ba kusa ba. Ƙasar Haɗeja shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, babu dutsen da zai tare saƙo, kuma babu dutsen da za a hau a ci bulus ɗin tsawo kamar yadda mutanen Dutse za su yi. Turke mai mita 25 a Haɗeja, ɗauke da na'urar da ke karɓar magana ta sake cilla ta, zai haɗa masu oba-oba a Auyo da Malam Madori da ƙauyukan da ke kewaye. Wannan aiki ne mai kyau, kuma ya ishi masu gadin jinga. Amma daga Haɗeja zuwa Ringim kimanin kilomita 100 ne a miƙe, kuma kafin waɗannan garuruwa biyu su ga juna ta wannan hanya sai kowannensu ya gina hasumiya mai kusan mita 150.

Iri na biyu shi ne gajeren zangon da muka saba da shi, kuma a nan ne abin mamakin yake. A can sama, kilomita 200 zuwa 300 daga doron ƙasa, akwai wani rufi na iska da hasken rana ke cajawa, wanda ke maido da saƙon gajeren zango ƙasa kamar yadda madubi ke maido da haske. Shi ya sa muryar Landan ke iso mu. Mai son magana da Turai ya kan ɗaga eriyarsa sama sosai don saƙon ya fita a kwance ya yi dogon tsalle. Mu kuwa ba Turai muke nema ba, Tiga muke nema, wadda ke kimanin kilomita 200 daga Haɗeja, da Kano da Dutse da Nguru. Don haka sai a yi akasin abin da ido ke so: a sauko da eriyar ƙasa-ƙasa, mita 5 zuwa 8 daga ƙasa, saƙon ya tashi tsaye ya bugi rufin nan ya zubo kamar ruwan da aka watsa wa rufin ɗaki, ya jiƙa duk abin da ke kewaye har nisan kilomita 300 ko fiye, ba tare da ya bar rami a tsakiya ba. Eriyar kanta wayar jan ƙarfe ce mai tsawon rabin zango. A zangon mita 40, wanda ya fi aiki da rana, waya ce mai mita 20, a raba ta biyu, mita 10 dama mita 10 hagu, kebul ya sauko daga tsakiya zuwa na'ura. Da dare sai a koma zangon mita 80, wayar ta zama mita 40. Sanduna uku sun isa su ɗauke ta. Izarar giginya, wadda magina suka daɗe da sanin gara ba ta cin ta da sauƙi, za ta yi wannan aiki, haka ma bututun ƙarfe na famfo. Idan hadari ya kayar da ita, mutum biyu za su tayar da ita kafin a sauke tukunya.

Ra'ayina ke nan a fili: a fara da waya, a bar hasumiya sai bukata ta kira ta. Tarihi ma yana bayan wannan ra'ayi. A 1901 Markoni ya kafa turaku 20 a da'ira, kowanne kimanin mita 60, a Poldhu da ke kudu maso yammacin Ingila, da nufin aika saƙo ƙetaren tekun Atlantika. Ranar 17 ga Satumba guguwa ta zo ta rusa su. Ya koma ya ɗaura wayoyi tsakanin turaku biyu, kuma a ranar 12 ga Disamba, a tsibirin Newfoundland da yau ke cikin Kanada, da wayar da ya ɗaga sama da filfilon takarda irin na yara ya ce ya ji saƙon.

Duk da haka turken mita 20 zuwa 25 ɗin nan na oba-oba sai an kafa shi, kuma a nan ne ƙasar Haɗeja ke da nata sharuɗɗan. Hausa ta riga ta rarrabe mana ƙasar: akwai fadama, akwai tudu, akwai jigawa, wato tudun rairayi, kalmar da jihar kanta ta ci sunanta. Kogin Haɗeja tsakanin tsofaffin jigayi yake kurɗawa. Wutar lantarki fadama take so, domin ƙasa mai danshi da laka tana shanye tsawa da sauri kuma tana ƙara wa eriya ƙarfi. Ƙarfe da kankare kuwa ba sa son ta ko kaɗan. Baƙar lakar fadama tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani har ƙafar akuya ta faɗa, kuma duk shekara tana motsa abin da aka binne a cikinta. Ga shi kuma idan ruwa ya kwanta a kan tushe, kankaren da ke cikinsa ya kan rasa kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa, ƙasar da ke riƙe da shi ta yi laushi, a daidai lokacin da iska ke jan turken. Jigawa ta tsira daga wannan, amma busasshen rairayi ba ya karɓar tsawa, kuma yana zaizayewa daga gindin tushe. Idan aka auna biyun, jigawa ce zaɓi. Matsalarta tana da magani: a faɗaɗa tushen, a kafa sandunan jan ƙarfe da yawa maimakon ɗaya, a zurfafa su har su taɓa danshi, wanda a wannan yanki ba shi da nisa, a haɗe su da kakkaurar waya. Matsalar fadama kuwa sai injiniya da kuɗi mai yawa.

Kafin a haƙa ko da taku ɗaya, a nemi dattawan wurin su nuna inda ruwan 2022 ya tsaya. Sau da yawa alamar tana nan a jikin bangon makaranta ko gindin tsamiya. Kan tushen ya ɗara wannan alama, akwatin batir da na'ura kuma ya ɗara ta da aƙalla mita guda, faifan sola a sama da su. Tashar da batirinta ya nutse ba ta da bambanci da wadda ba a gina ba.

Sai iska. Kowa a ƙasar nan ya san hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, da guguwar da ke yaye kwanon rufi kafin ɗigon farko ya sauka. Ƙarfin da iska ke dukan abu da shi ba ya tafiya daidai da gudunta: idan gudun ya ninka sau 2, dukan ya ninka sau 4. Saboda haka duk abin da aka ƙara rataya a saman turke, ko faifan sola ne ko farantin tauraron ɗan'adam ko allon sanarwa mai sunan wanda ya ba da gudummawa, tamkar filafilan jirgin ruwa aka ɗaura masa. Hasumiya mai tsayawa da ƙafafunta tana cin ƙarfe da kankare da yawa, amfaninta shi ne ba ta cin fili. Siririn turke mai igiyoyin ƙarfe ya fi araha sosai, kuma fili ba shi ne matsalar ƙauyukanmu ba. Igiyoyin ta fuska uku ake ja, tazararsu daidai wa daida, a kafe kowacce a nisan da ya kai kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na tsawon turken. Rayuwar turken duka a kan waɗannan igiyoyi take. Turken rediyon Warsaw na ƙasar Poland, mai mita 646, wanda a zamaninsa babu gini mafi tsawo a duniya, ya faɗi ne ranar 8 ga Agusta, 1991, a lokacin da ake canza masa igiya. A wurinmu abin da zai taɓa igiya ya fi yawa: shanu masu soshe-soshe, amalanke, garmar manomi, yara masu lilo, da mai neman ƙarfen sayarwa. A kewaye gindin kowace igiya, a sa mata abin da ido zai gani. Wannan alama za ta amfani tsuntsayen da ke sauka a Baturiya daga Turai duk hunturu, haka ma matuƙan jiragen da ke sauka ƙasa-ƙasa suna feshin jan-baki a gonakin shinkafa.

Wani abin da ke damuna shi ne sabon da muka yi da turakun masu walda na bakin titi. A shekarun da shagunan intanet suka yi tashe, kowane shago da banki sai da ya sa aka ƙera masa nasa da rodin gini, aka shafa fenti, aka ɗora a kan bene. Ba laifin mai walda ba ne, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Amma ƙarfen da zai zauna cikin raɓar fadama dole ya zama wanda aka tsoma a tutiya tun daga masana'anta, domin tsatsa daga cikin bututu take farawa inda buroshi ba ya kaiwa. Ka'idojin da hukumar NCC ta fitar a 2009 sun sa tazarar mita 5 tsakanin turken sadarwa da gidan maƙwabci, na hukumar NESREA na 2011 suka ce mita 10. Ni dai a ganina ma'aunin da ya fi waɗannan kwantar da hankali shi ne a kwantar da turken a zuci ta kowace fuska, a ga me zai danne. Idan akwai ɗaki ko aji ko wayar lantarki a cikin wannan da'ira, a canza wuri. Wayar lantarki ita ce babban abin tsoro ga masu kafa eriya a ko'ina, kuma a ƙasar da wuta ke zuwa ba sallama, wayar da ta kwana uku a mace ba abin amincewa ba ce.

Na san akwai masu cewa a halin tsaron da Arewa ke ciki, wa zai yarda a bar mutane da na'urorin magana? Ba tambayar banza ba ce, musamman ga wanda ya tuna yadda aka rufe layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna a 2021. Amsar ita ce rediyon sha'awa shi ne mafi tsiraicin duk hanyoyin sadarwa. Dokar ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta hana masu shi ɓoye ma'anar maganarsu, dole kowa ya riƙa faɗin lambar kiransa, kuma duk mai akwatin da ya dace zai iya saurare, har da jami'an tsaro. Dokar wayar iska ta Nijeriya ta 1961 ta haramta watsa saƙo ba lasisi, don haka ta ƙofar hukuma za a shiga, da sanin masarauta da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Tun taron ITU na 2003 ma aka daina wajabta wa ƙasashe jarraba mai neman lasisi a kan bugun Mos, wanda a da shi ne ke korar mutane da yawa.

Akwai kuma aikin da ya faɗo a fagen irina. Saƙon gaggawa yana bukatar kalmomin da kowa ya yarda da ma'anarsu. "Ruwa ya ƙaru" ba labari ba ne. Ya ƙaru da nawa, a kan wane ma'auni, da ƙarfe nawa? A yankin da ake jin Hausa da Fulatanci da Kanuri da Bade, kuma sunayen ƙauyuka da dama suka yi kama da juna a kunne, sai an zauna an tsara yadda za a faɗi adadi da sunan wuri a cikin ƙarar iska ba tare da an ji "tara" a matsayin "tare" ba. Wannan ba ya samuwa ranar da ruwa ya zo. Sai an riƙa gwadawa duk mako, a ce kowace Asabar da safe Ringim ta kira Miga, Miga ta kira Auyo, har a dangana da Guri, ko da abin da za a faɗa bai wuce farashin buhun shinkafa ba.

Lokacin aikin ƙarfe da siminti kuwa daga Nuwamba ne zuwa Maris, sa'ad da ruwa ya janye, alamarsa ba ta goge ba, mota kuma tana iya kai tsakuwa har gindin jigawa. Kankare yana bukatar kwana 28 ana ba shi ruwa kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuma a zafin bazara sai an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ƙurar hunturu tana tara wa doguwar waya wata irin wuta mai tartsatsi da ke iya ƙona na'ura, saboda haka a cire kebul daga jikinta duk lokacin da ba a aiki. Wanda ya zuba tushe a Fabrairu zai ɗora turkensa a Maris, ya sami Afrilu ya ɗaure igiyoyi ya sake ɗaure su bayan sun saki, kafin hadarin farko ya taso daga wajen Guri.